Hana Farakwat da Halin da Manomin Shinkafa Ya Shiga a Ƙasar Wasagu

Tun daga ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2024 maganin ciyawar nan da ake kira farakwat ya zama haramtacce a Nijeriya. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Mojisola Adeyeye, ita ce ta yanke wannan hukunci, ta kuma sanar da jama'a tun cikin shekarar 2023. Bayan shekara guda, watau ranar 1 ga Janairu 2025, wa'adin da aka ɗibar wa atirazin shi ma ya cika, amma shi wannan ya fi shafar masu noman masara da dawa. A jikin kwalba ana rubuta farakwat da haruffan Paraquat, kuma sunan kasuwar da ya fi shahara da shi shi ne Gramoxone, wanda manoma suka sarrafa ya koma garamazon.

Ga wanda ke zaune a birni wannan labari ne na rediyo, ya ji ya wuce. Ga manomin shinkafa a Wasagu ko Bena ko Ribah kuwa, magana ce ta yadda zai share fadamarsa idan ruwa ya sauka. Don a gane abin da aka karɓe daga hannunsa, da abin da aka tsare shi daga gare shi, sai an san aikin da maganin yake yi a jikin ganye da kuma wanda yake yi a jikin mutum.

Gonar shinkafa da abokan gabarta

Wasagu tana cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, mai hedkwata a Ribah, a Masarautar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin jihar, yakan kuma ɗauki daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Saɓanin fadamun Argungu da Birnin Kebbi inda noman rani na injin ban-ruwa ya yi ƙarfi, galibin shinkafar wannan yanki ta damina ce, a fadamu da bakin rafuka, wani lokaci ma a kan tudu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, shinkafa ta ƙara daraja a jihar baki ɗaya, filayen da ake noma ta suka ƙaru.

To, ruwan da ke raya shinkafa shi ne ke raya ciyawa. Akwai masu fita daga iri kowace shekara, irin su harkiya da tuji da gyazama. Akwai kuma masu daɗewa, waɗanda ke ɓoye abincinsu a ƙarƙashin ƙasa, irin su tofa da kiri-kiri da aya-aya, da kuma shinkafar dajin nan da ake kira bau, wadda ke kama da shinkafa har sai ta girma. Dukkansu suna takara da shuka wajen haske da ruwa da taki. Masana na Cibiyar Binciken Shinkafa ta Afirka sun tattara sakamakon gwaje-gwaje a 2009, suka nuna cewa idan aka bar ciyawa ba a taɓa ta ba, asarar shinkafar fadama wadda aka yafa ko aka shuka kai tsaye takan kama daga kashi 28 zuwa 89 cikin ɗari, ta tudu kuwa daga kashi 48 har zuwa ɗari bisa ɗari. Mafi yawan wannan ɓarna cikin mako shida na farko take faruwa. Ciyawar da ta fito bayan shinkafa ta rufe ƙasa ba ta da wani tasiri sosai, amma wadda ta riga shinkafa fitowa ita ce ke cin gona.

A da, hannu ne maganin wannan matsala. Hausawa suna da gayya, Dakarkari kuma suna da golmo, inda samari ke haɗa gwiwa su yi shekaru suna noma a gonar surukai kafin a ba su aure. Yau makaranta da birni da haƙar zinari sun ɗebe matasa da yawa, kuɗin ƙwadago ya hau, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sa'an nan ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi Danko/Wasagu shekara da shekaru. Mutumin da ba ya iya yini a gonarsa ta nesa, sai dai ya leƙa da sassafe ya dawo, ba ya da halin yin firi da maimai kamar yadda ubansa ya yi. Injin feshi na goyo shi ya maye gurbin fartanya goma.

Yadda farakwat ke ƙona ganye

An fara haɗa wannan sinadari tun 1882, amma ba a gano yana kashe tsiro ba sai a 1955, a wata tashar bincike ta kamfanin ICI a Ingila. A 1962 aka fito da shi kasuwa.

Ɗalibin da ya karanta darasin fotosintesis ya san cewa koren launin ganye, watau kulorofil, yana kama hasken rana, hasken kuma ya zaburar da elektiron, a riƙa miƙa su daga wannan sinadari zuwa wancan, kamar yadda magina ke miƙa wa juna tubali, har a kai su inda za a haɗa abinci. Farakwat yakan kutsa tsakiyar wannan layi ya fizge elektiron ɗin, ya miƙa wa iskar oksijin. Oksijin da ta karɓi elektiron ta wannan hanya takan rikiɗe ta zama wasu sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa, cikinsu har da haidirojin feroksayid, wanda ake wanke miki da shi yana kumfa. Waɗannan su ke yayyaga tantanin da ya kewaye ƙwayoyin halittar ganye, ruwan ciki ya tsiyaye, ganye ya yi yaushi ya bushe. Abin lura shi ne, da zarar farakwat ya miƙa elektiron ɗin sai ya koma yadda yake, ya sake fizgo wani. Ba ya ƙarewa a cikin aikin. Shi ya sa ɗan kaɗan ke yin ɓarna mai yawa, shi ya sa kuma ya fi kaifi a rana mai haske.

Daga wannan bayani halaye uku ke fitowa, kuma su ne suka sa manoma suka so shi. Yana da sauri: a yi feshi da safe, kafin la'asar ciyawa ta fara lanƙwasa, cikin kwana biyu ko uku gona ta yi ja. Yana shiga ganye cikin kamar rabin sa'a, saboda haka ruwan da ya biyo bayan feshi ba ya wanke shi. Idan kuma ya faɗi ƙasa, ƙwayoyin laka suna riƙe shi tamau, ba ya shiga saiwa, don haka ana iya shuka nan take. Manomi kan yi feshi ya shuka, ko ya shuka ya bi da feshi kafin shinkafa ta tsiro, sau da yawa yana gauraya shi da maganin da ke hana iri fitowa.

Amma saurin nan shi ne kuma rauninsa. Da yake yana kashe ganye tun kafin ganyen ya tura shi ƙasa, ba ya kaiwa ga saiwar tofa ko 'ya'yan aya-aya. Aski kawai yake yi musu, bayan mako biyu ko uku su sake tohowa. Ba ya kuma bambanta ciyawa da shinkafa, duk koren da ya taɓa ya ƙone. Ashe ke nan aikinsa a gonar shinkafa ƙayyadadde ne, watau sharar fili kafin shuka ta fito da gyaran gefen kunyoyi da iyakoki. Ba shi ne maganin da ake fesawa cikin shinkafa tana tsaye ba.

Abin da yake yi wa mutum

Sinadarin da ke fizgar elektiron a ganye haka yake yi a jikin ɗan Adam, domin ƙwayoyin halittar mutum ma suna miƙa elektiron wajen sarrafa abinci. Babban tashin hankalin shi ne huhu. Ƙwayoyin huhu suna da wata ƙofa da suke jawo wasu sinadaran da suke bukata ta cikinta, farakwat kuwa ya yi kama da waɗannan sinadarai, sai huhu ya riƙa tara shi da kansa har ya ninka abin da ke cikin jini. Ga shi kuma babu wurin da ya kai huhu yawan oksijin a jiki. Wanda ya sha, bakinsa da maƙogwaronsa sukan kwaile, ƙoda da hanta su taɓu. Wani yakan ga kamar ya sami sauƙi, amma cikin mako ɗaya zuwa uku huhu ya yi tauri kamar tabon ƙuna, numfashi ya gagara. Kurɓa ɗaya ta ruwan kwalba tana iya kisa, kuma har yau ba shi da makari. Abin da likita ke iya yi shi ne ya ba da garin gawayi na musamman ko wata irin laka don su riƙe gubar a ciki, in an kawo mutum da wuri. Hatta oksijin da ake sa wa mai sarƙewar numfashi, a nan ƙara wa wuta mai take yi, sai in ya zama dole ake ba da ita.

Tun cikin shekarun 1970 aka fara zuba masa launin shuɗi da wari da maganin sa amai don kada a sha shi bisa kuskure. Wannan bai hana ba, musamman inda ake ɗura shi a kwalaben lemo ana sayarwa kaɗan-kaɗan. Mai feshi ma bai tsira ba. Takardar da ke jikin kwalba tana neman a sa safar hannu da takalmin roba da tabarau da abin rufe hanci, amma duk wanda ya san zafin watan Mayu a ƙasar Zuru ya san mutum nawa ne za su iya wannan shiga. Injin da ke yoyo yakan jiƙa bayan mai goyonsa na tsawon sa'o'i, fata ta ƙone, gubar ta sami hanyar shiga ta mikin. Ana samun lalacewar farce da haɓo da ciwon ido. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya sami cewa cutar karkarwar nan ta Fakinsin ta ninka wajen sau biyu da rabi a tsakanin waɗanda suka yi aiki da farakwat, ko da yake hukumar kare muhalli ta ƙasar ba ta amince cewa an tabbatar shi ne sanadi ba.

Nijeriya ba ita ta fara ba, a gaskiya ma ta makara. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi a 2007 bayan hukuncin kotu. Ƙasashen Sahel, cikinsu har da Nijar da Burkina Faso, sun hana shi a 2011. Barazil da Tailan sun bi sahu a 2020. Ta fuskar lafiya hujjar hanawar ba ta da tababa.

Me manomi ya rasa?

Abin da manomin Wasagu ya rasa kwanaki ne. Maganin da ya fi kusa da maye gurbin farakwat shi ne gilifoset, wanda ake rubutawa Glyphosate, ya kuma shigo kasuwar duniya a 1974 da sunan Roundup. Shi aikinsa daban ne. Yakan bi hanyar da abinci ke bi a cikin tsiro, daga ganye har saiwa, ya toshe wani enzayim da tsiro ke bukata wajen ƙera wasu tubalan furotin guda uku. Tsiron ba ƙonewa yake yi ba, yunwa ce ke kashe shi a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka ya fi farakwat nesa ba kusa ba wajen tofa da kiri-kiri da bau, dafinsa ga mai sha kuma bai kama ƙafar na farakwat ba. Sai dai yana bukatar sa'o'i da dama ba a yi ruwa ba bayan feshi, yana son ciyawa mai ɗanyen ganye wadda ke cikin girma, idan kuma za a yi huɗa dole a jira kwanaki kafin a taɓa ƙasar, don maganin ya sauka saiwa. Ruwan kududdufi mai laka yana rage masa ƙarfi, to amma a fadama ruwan da ke kusa shi ake ɗiba.

A farkon damina mako guda ba ƙaramin abu ba ne. Fadamar da ba a shuka da wuri ba ruwa kan cika ta kafin shinkafa ta yi tsayin da za ta jure. Wanda ya saba ganin gona ta yi ja washegari, idan ya fesa gilifoset ya dawo ya tarar da ciyawa kore shar, sai ya ɗauka an sayar masa da jabu, ya sake fesawa ko ya ninka awo. Kuɗi ya tafi, ga shi faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta riga ta tsawwala farashin duk maganin da ake shigowa da shi. Wannan asara ba ta fito daga dokar kanta ba, rashin bayani ne ya haife ta.

Akwai kuma haɗarin a gudu gara a faɗa gidan zago. Idan kowace gona, kowace shekara, gilifoset kaɗai ake fesawa, 'yan ƙalilan ɗin ciyawar da Allah ya yi su da juriya su za su rage su yi iri, 'ya'yansu su cika gona. Wannan shi ne darasin zaɓen halitta da ake koyarwa a aji, yana faruwa a fili. An fara ganin haka a Ostireliya a 1996, ba da jimawa ba kuma aka sami tujin da gilifoset ba ya kashewa a Maleshiya. Balasa ma tun asali ba ta cika jin sa ba.

Haɗari na uku shi ne kasuwar bayan fage. Takardar doka ba ta kwashe kwalabe daga rumfuna rana ɗaya, Jihar Kebbi kuwa tana da iyaka da ƙasashe biyu. Farakwat ɗin da aka ɓoye aka sauya masa mazubi, babu suna babu gargaɗi, ya fi wanda ake sayarwa a sarari haɗari. Kuma manomin da ya sha guba daga haramtaccen kaya yana iya ɓoye wa likita gaskiya.

Darasi daga ƙasashe biyu masu cin shinkafa

Koriya ta Kudu ta soke rajistar farakwat a 2011, ta hana sayar da shi a 2012. Cikin shekara biyu yawan masu mutuwa ta shan maganin gona da gangan ya ragu da kusan rabi, ba a kuma ga raguwar amfanin gona ba, domin ba duka magunguna aka cire ba, sauran suna nan, manoma kuma suna da masu yi musu jagora. Siri Lanka kuwa a watan Afrilun 2021 ta hana shigo da takin zamani da magungunan gona gaba ɗaya, dare ɗaya. Shinkafar kakar da ta biyo baya ta faɗi ƙwarai, ƙasar ta koma sayo shinkafa daga waje, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye dokar. Hukuncin NAFDAC ya fi kama da na Koriya, tun da magani ɗaya-ɗaya take cirewa, tana kuma ba da wa'adi. Inda aka bambanta shi ne wajen jagora, domin malaman gona sun yi ƙaranci ainun a karkarar Nijeriya, mai rumfar magani a kasuwar Bena shi ne malamin yawancin manoma.

Hanyoyin da suka rage

Magungunan da ake fesawa cikin shinkafar kanta dokar ba ta taɓa su ba. Akwai masu hana iri tsirowa, kamar butakulo da fendimetalin, waɗanda ake fesawa a ƙasa mai laima jim kaɗan bayan shuka. Akwai masu zaɓe, kamar firofanil da ake haɗawa da 2,4-D, ana fesa su lokacin da ciyawa ke da ganye biyu zuwa huɗu. Firofanil misali ne mai kyau ga ɗalibi: shinkafa tana da wani enzayim da ke farfasa shi kafin ya yi mata illa, yawancin ciyayi ba su da isasshensa. Amma wasu magungunan ƙwari suna toshe wannan enzayim, saboda haka wanda ya gauraya su a tanki ɗaya don rage wahala zai ƙone shinkafarsa da hannunsa.

Dabarar da ta fi cike gurbin farakwat kuwa ba a kwalba take ba. Ita ce a gyara fili da ruwan farko, a bar shi kwana goma zuwa mako biyu irin ciyawar da ke sama ya tsiro, a kashe shi yana jariri da gilifoset kaɗan ko da karce ƙasa sama-sama, sa'an nan a shuka ba tare da an sake juya ƙasar ba. Kwanakin da farakwat ke saya wa manomi a ƙarshe, nan ana samo su ne ta hanyar farawa da wuri. Dashe ma yana ba shinkafa ratar mako uku a kan ciyawa, musamman ga iri mai saurin nuna kamar FARO 44. Shuka a layi tana sa fartanya ko ƙaramin injin turawa su wuce a tsakani, abin da yafi ba ya bari. Inda aka daidaita ƙasa aka ɗaga kunyoyi ruwa ya kwanta kamar santimita 5, yawancin irin ciyawa ba ya samun iskar tsirowa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana cin ƙarfi da lokaci, kuma ga wanda tsoro ya hana shi zama a gona, wasunsu sai tsaro ya samu. Nan ne ake sa ido ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da hukumar KARDA ta jiha, da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, su gwada waɗannan dabaru a fadamun yankin, su kuma fassara su da Hausa da C'lela.

Gwaji don makaranta

Malami zai iya nuna wa ɗalibai tushen wannan darasi ba tare da an taɓa kowane magani ba. A ɗebo ƙasar sama daga fadamar da aka noma shinkafa bara, a cakuɗa ta sosai, a raba a robobi uku masu girma ɗaya. Ta farko a riƙa yayyafa mata ruwa kullum. Ta biyu a cika ta da ruwa ya haura ƙasar da santimita 5, a riƙa ƙarawa in ya ragu. Ta uku a yayyafa mata ruwa kwana goma sha huɗu, a tsige duk abin da ya fito a hankali ba tare da an tona ƙasar ba, a ci gaba da ba ta ruwa. Kowace Litinin ɗalibai su ƙirga tsiron da ke kowace roba, su ware masu siririn ganye da masu faɗin ganye, su rubuta a jadawali har mako shida. A mako na huɗu a tona rabin ƙasar roba ta uku da cokali a bar ɗaya rabin, a ga wane ɓangare ne zai fi fitar da sabon tsiro.